Haƙorin Makka da Turamen Inna

Tun da na dawo daga Birnin Ƙonni ban sha shayi da kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin tashar Talatar Mafara ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Lawali, ƙaƙa Nijar?" Wani ya tambayi tsarabar kilishi, wani ya ce wai da gaske ne matansu na tuƙa babur. Nakan ce lafiya lau in kau da kai, amma kun ƙi ku bar ni. To ga shi na rubuta, ku huta da tambaya, ni ma in huta da amsa. Sai dai ku sani ba yawon buɗe ido na je ba. Mahaifiyata na kai wurin likitan haƙori, kuma abin da na gano a can har yau yana ci mini rai.

Inna, wato Hajiya Kulu, a Birnin Tudu take zaune, cikin ƙasar Bakura. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Da sunan ƙanwata take laƙaba ni, ta ce "Yayan Luba". Shekara uku da suka wuce shinkafar rani ta yi mini kyau, na haɗa da wani fili da na sayar na biya mata kujerar Makka. Ba zan ɓoye muku ba, na yi don Allah, amma na kuma so a gani. Tana can bayan an sauko Arfa na kira ta a wayar wata maƙwabciyarta da suka tafi tare.

Na ce, "Inna, kin sa hauren Makka?"

Ta ce, "Mi zan yi da shi? Haƙorana lahiya lau suke."

Na ce, "Haba Inna. Kowace Hajiya da nata taka dawowa. In ba ki sa ba, wa zai san kin tahi?"

Ta ce, "Wanda nat tahi dominai ya sani."

Mai hankali da ya ji wannan amsa sai ya yi shiru. Ni kuwa na sa Luba ta kira ta, na sa matan da suke ɗaki ɗaya suka yi ta yi mata naci, har suka ja ta wani shago aka kwaɓa mata zinari a haƙorin sama na hagu, wanda ke bayan fiƙa. Ranar da ta dawo ta yi murmushi a tsakar gida, abin ya ƙyalla, mata suka yi guɗa. Ni ina bakin ƙofa ina jin kaina kamar ni na haƙo zinarin.

Bayan kamar wata huɗu ciwo ya fara. Yakan taso daga gaban kunnenta na hagu, ya bi muƙamuƙi, ya sauka a turame, wato manyan haƙoran ciki da ake tauna da su. Da safe sai bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Ran kasuwar Talata na ɗauko ta na kai ta wurin wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa a gindin bishiya, da filayarsa da faranti cike da haƙoran mutane. Ya ce ta nuna inda ke ciwo, ta nuna, ya ce tsutsa ce, ya cire. Ta sami sauƙi na mako biyu, ciwo ya dawo. Muka koma, ya ce tsutsar ta yi ƙaura zuwa na kusa. Da hagu ta ƙare Inna ta koma tauna da dama, ciwon ya bi ta can, filaya ma ta bi ta. A shekara biyu an cire mata bakwai: turamen ƙasa gaba ɗaya, hagu da dama, da ɗaya na sama. Duk bakwai ɗin ni na riƙe mata kai.

Na sha zagin mutumin nan a raina, amma laifi tudu ne. A zuwanmu na huɗu shi da kansa ya ɗan ƙwanƙwasa zinarin da bakin filaya ya ce, "Wanga hwa? Tun da anka sa shi lahiya?" Na daka masa tsawa na ce kada ya sake ya taɓa shi, wannan daga ƙasa mai tsarki ya zo. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ciro na ƙasa.

Ba nan kaɗai muka tsaya ba. Bayan cire na biyu na kai ta wani asibiti a birni, aka ɗauki hoton haƙoran, aka ce ba a ga ruɓa ba, aka ba mu ƙwayoyi. Mun je Maradun wurin wani mai magani, ya ce iska ce ta shafe ta a bakin rijiya, ya ba mu turare. Inna dai ta koma kunu da fura mai ruwa. Matar da ke fasa ƙashin rago da Sallah ta zama zane na zagaye ta sau biyu. Daga baya ma ta ce ta gaji, ba mai ƙara buɗa mata baki, a bar ta da ikon Allah.

Ana haka ƙanenta Kawu Sidi, wanda ya daɗe a Ƙonni yana fataucin albasa, ya kira ya ce akwai wata likitar haƙori a can da ta yi wa matarsa aiki, mu kawo Yaya. Na yi zaton Inna za ta ƙi. Sai ta ce, "Mu tahi. Shekara tara ban ga Sidi ba, gara mu gana tun ina iya magana." Ni likita na nufa, ita kuma sallama za ta je yi da ɗan'uwanta, kowa ya san nufin kowa.

Mun bar Birnin Tudu da hantsi, don hanyarmu yanzu ba a yi mata sammako, kun san halin 'yan bindiga. Luba ta dama fura ta cika wata jarka, ta rako mu bakin hanya tana share ido da gefen hijabi. A Mafara muka shiga ƙaramar mota mai cin mutum huɗu, aka ɗura mu bakwai, ban da buhun barkono a bayanmu da ya sa kowa atishawa har Tureta. Da fasinjoji suka ga Inna ta tallabe kunci, sai motar ta koma asibiti. Wata mata ta ce kanumfari. Wani dattijo ya ce saiwar gawo da jar kanwa. Direba ya waiwayo, yana tuƙi fa, ya ce shi duk duniya bai ga maganin haure kamar ruwan batir ba, ɗigo ɗaya a auduga. Na ce masa ya dubi gabansa. Inna ta yi wa kowa godiya ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ta gwada rabin abin da suka lissafa ba.

A wani shinge wani matashi mai kaki ya leƙo ya ce a buɗe baya. Inna ta amsa gaisuwarsa, ya hango zinarin, nan take muryarsa ta yi laushi. Ya ce, "Hajiya, a sa mu addu'a," ya ɗaga mana hannu muka wuce. Direba ya ce yau ya ɗauko albarka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai da na ji daɗi har cikin raina, uwata na gefena tana cije ciwo.

Kafin mu shiga Sakkwato rana ta dafa furar Luba. Na ɗauko jarkar in zuba wa Inna, ina murɗa marfin ta yi tsiri ta wanke dattijon nan mai saiwar gawo daga gemu har gwiwa. Na yi ta ba shi haƙuri, yana ta cewa ba komai da irin muryar da ke nuna akwai komai. Wannan ne kaɗai wurin da Inna ta yi dariya a tafiyar, ita ma dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta dafe kunne.

Daga Sakkwato muka sake mota zuwa Illela, muka isa bayan la'asar. A bakin iyaka 'yan kabu-kabu suka yanyame mu, kowa na jan jakata. Inna ta ce ita ba ta haye babur da tsufanta, sai muka jira wata tsohuwar tasi da ake buɗe ƙofarta da igiya. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo, baƙi, mai tsagar gado ya ce mu kawo katin shaida. Na miƙa nawa, na laluba aljihu neman na Inna, sai na tuna na bar shi a kan talabijin a Mafara. Na fara haɗa Turanci da Hausa ina bayani, mutumin yana kallona kawai, don Turancina a nan ba ya sayen ko ruwan sha. Inna ta juya baya, ta kwance lalitarta, ta fito da fasfonta na aikin Hajji a naɗe cikin leda uku. Ta ce, "Ni na san halin wanda ka jagorata." Jandarman ya duba, ya ƙame, ya mayar mata da hannu biyu ya ce, "Bismilla Hajiya, sannu da hanya."

Gidan Kawu Sidi yana can bayan kasuwa, ko'ina warin albasa. Ya fito da fara'a yana "maraba, maraba", da ya ga yadda Inna ta rame sai fara'ar ta gushe. Ya durƙusa ya kama hannunta ya ce, "Yaya, ke ta haka?" Ta ce, "Ni ta, Sidi. Tashi, kai ma ai ka yi hurhura." Aka ba ta ɗakin matarsa Rabi, ni kuma aka shimfiɗa mini a zaure tsakanin buhuna. Har na dawo gida rigunana suna warin miya.

Tunda abincinsu kuke tambaya, ga shi. Da safe burodi suke ci dogo kamar sanda, mai ɓawo da tauri, ana sayar da shi tsirara ba leda, mutum ya saƙale shi a hammata ya wuce. Rabi ta kawo wa Inna shi don girmamawa, Inna ta dube shi ta dube ni, aka mayar aka kawo kunu. Da rana dambu ne da zogale da ƙuli, ya fi namu mai da yaji. Shayinsu kuwa a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka sha zagaye uku kafin a sake ka. Mata na tuƙa babur, gaskiya ne, da goyo ma, kuma ba mai juyowa ya kalle su sai ni. Mutane ne masu sanyin magana. Inda mu za mu taru a bakin taga kowa na miƙa hannu ta kan wani, su layi suke yi shiru kamar masu jiran gawa.

Washegari da safe dangin Rabi suka yi ta zuwa gaida Hajiya, kowace gaisuwa sai an tambayi gida da gajiya da damina da mutan Bakura ɗaya ɗaya. Ba mu fita ba sai da rana ta take. Muka tarar da asibitin a rufe. Na yi ta bugun ƙofa irin namu na gida, sai mai gadi ya taso daga inuwa yana gyara rawani ya ce, "Malam, daga Najeriya kake ko? Nan in rana ta yi tsaka kowa gida shika tahiya. Ku dawo goshin la'asar." Muka zauna a kan benci a ƙarƙashin dogon yaro awa uku, Inna na jan carbi, ni ina ƙunƙuni.

Likitar mace ce, gajera, mai tabarau, 'yar wajen Tawa, kowa Madam yake ce mata. Ba ta tambayi inda ke ciwo da farko ba. Ta sa Inna ta ba ta labari tun daga tushe: yaushe ya fara, da safe ya fi ko da yamma, me ya canza a bakin kafin ya fara. Ta danna naman kuncinta da gaban kunne, Inna ta zabura. Sannan ta leƙa bakin ta daɗe tana kallo, ta ɗago ta ce, "Ina sauran?" Na ce an cire. Na ba ta hoton nan da aka ɗauka a birni, lokacin biyar daga cikin bakwai ɗin suna nan. Ta ɗaga shi a hasken taga, ta bi su ɗaya ɗaya da bakin biro. Ta ce, "Waɗanga dut lahiyayyu na. Ba wanda ad da ko ɗigon ruɓa."

Sai ta ɗauko wata 'yar siririyar takarda mai shuɗin launi kamar bula, ta sa tsakanin haƙoran Inna ta ce ta cije. Inna ta cije, ta buɗe. Shuɗin ya fito ɗigo ɗigo a kan haƙoran da suka rage, kusan daidai wa daida, har da zinarin. Na ji sanyi a raina, na ce to ai ga shi komai daidai. Madam ta ce, "Wanga cizo na. Kai da cizo kaka cin tuwo?" Ta goge, ta sa sabuwar takarda, ta ce, "Hajiya, yanzu ki haɗe su, ki goga na ƙasa zuwa hagu, sannu sannu, kamar kina taunar goro." Inna ta goga. Ina tsaye a bayan kujera na ji ƙas, muƙamuƙin ya yi tuntuɓe ya karkace. Da ta buɗe baki, babu shuɗi ko'ina sai wuri ɗaya: wani dogon zane mai kauri a jikin zinarin, da ɗan'uwansa a haƙorin da ke ƙarƙashinsa. Aka gwada zuwa dama, nan ma sai da gefen zinarin ya karto kafin komai ya taɓa.

Madam ta juyo gare ni ta ce in haɗe nawa haƙoran in goga gefe. Na yi, ina jin kunya. Ta ce, "Wanne ka taɓawa?" Na lura, sai na ji fiƙar sama da ta ƙasa kaɗai ke haɗuwa, ɗaya na hawan ɗaya, na ciki duk sun rabu. Shekarata arba'in da shida da bakin nan ban taɓa sanin haka yake aiki ba. Ta ce mutane na zaton tauna daka ce, sama da ƙasa, alhali niƙa ce, gefe da gefe, kamar dutsen niƙa. In muƙamuƙi ya zame gefe, fiƙa ce ke tarbar nauyin, don ita ke da doguwar saiwa, sai ta ɗaga na baya kada su yi karo. Zinarin Inna kuwa an kifa shi ne a kan haƙori ba tare da an rage komai ba, ya yi kauri ya yi tsawo, shi ke riga fiƙa isa. Kowace loma, kowane motsin baki, sai muƙamuƙi ya kauce masa. Naman kunci ya yi ta wannan kaucewa har ya gaji ya ɗaure, kuma ciwon naman nan a turame ake jin sa, shi ya sa Inna ke nuna su. Sauƙin mako biyu da take samu bayan kowane cirewa, ba tsutsa ce ta fita ba, taunar ce take dainawa sai ramin ya warke.

Ta ce abin ya yi kaurin da ba ya gyaruwa da goge, sai an ɓalle shi. Inna ta ce, "To Hajjina hwa?" Madam ta cire abin da ta rufe baki da shi, ta wage haƙoranta ta ce, "Hajiya, dibi. Sau biyu nat tahi. Kin ga wani abu?" Inna ta duba da gaske, ta koma ta jingina ta ce, "Bismilla."

Aikin bai kai tsawon sallar azahar ba. Ta tsaga zinarin da ɗan injinta, ta ɓanɓare shi, ga haƙorin Inna a ƙasa fari, lafiyayye, sai ɗan datti a wuyansa. Ta sake sa takardar, Inna ta goga hagu ta goga dama, muƙamuƙin ya zame sumul, shuɗin ya fito a kan fiƙoƙi inda ya kamata. Madam tana wanke hannu ta ce, cikin jin haushi, ta sha ganin irin wannan, kuma kullum sai an gama ɓarna ake zuwa. Ta ce, "Haƙoranki masu kyau haka, Hajiya, wa yas sa ki kis sa abin ga?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Inna ta riga ni. Ta ce, "Ba kowa. Ni nag ga mata na sawa nas so abina."

Ba ta ko dubi inda nake ba. Da ta nuna ni da yatsa a gaban matar nan ta ce ga shi nan tsaye, da na fi samun sauƙi. Na fita waje na tsaya a gindin dogon yaron nan, mai gadi na tambayata ko jikin Hajiya ne ya tsananta. Garin neman gira na jawo aka rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Kwana biyar muka ƙara a Ƙonni. Madam ta ce a riƙa gasa kuncin da tsumma mai ɗumi safe da yamma, Rabi ta ɗauki wannan aiki. A rana ta uku muna zaune a tsakar gida Inna ta yi hamma, babba, har ƙarshe, sannan ta tsaya tana jiran ciwon. Bai zo ba. Kawu Sidi ya ce Alhamdu lillahi ya fi sau goma, ya aika aka yanka zabi biyu. Romon ta sha, da ɗan tuwo mai laushi, ta cinye kwanon tas. Da muka koma sallama Madam ta ce ana iya yi mata haƙoran roba na sawa da cirewa, ba za su kai na Allah ba amma za su taimaka, don 'yan ƙananan da suka rage ba za su iya aikin turame ba, biyu ma sun fara girgiɗi. Na ce a yi, ko nawa ne. Inna ta ce, "A'a. Ba a ƙara sa min komi cikin baki wanda ba da shi anka haihe ni ba." Na yi magiya, Kawu ya yi. Wannan karon ta tsaya a kan a'arta, ni kuma ba ni da bakin da zan matsa mata. Guntun zinarin da aka ba ta cikin auduga ta ƙulle shi a bakin mayafi, ban sake ganinsa ba, ban kuma tambaya ba.

A hanyar dawowa na kasa daina gwada abin nan da Madam ta koya mini. Ina zaune sai in ji ina zame muƙamuƙi hagu da dama ina sauraren fiƙoƙina. A bakin iyaka ina cikin yi wani ma'aikaci ya ɗago daga takardunmu ya ce ko shi nake yi wa gwalo. Sai da Inna ta ce masa ɗanta ne, ba shi da cikakkiyar lafiya, sannan ya sake mu. A shingayen hanya kuwa ba wanda ya ƙara neman addu'arta. "Tsohuwa, matsa mu ga jakar," shi ne abin da ta samu har Mafara.

A Birnin Tudu mata suka cika gida sannu da zuwa, kuma ba wadda ta fita ba ta lura ba. Kafin mako ya zagayo Luba ta kira ni tana kuka, wai ana cewa shinkafa ta karye mini, na kai uwata Nijar na ɓalle mata haƙorin Makka na sayar. Ban je na wanke kaina wurin kowa ba. Abin da suke faɗa bai kai abin da na yi muni ba.

Inna ta fara mayar da jiki, tana cin tuwo, tana cin fate, tana kwana lafiya. Ran wata Litinin ta aiko a gaya mini in zan zo gobe in taho mata da balangu na kasuwar Talata, ta ce shekara biyu tana mafarkinsa. Na je wurin mahaucin da kuka sani na tsaya a kansa, na zaɓi inda ya fi taushi, na sa ya yanka ƙanana ƙanana. Na hau babur ban tsaya ko'ina ba don ya isa da zafinsa.

Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki. Ta wanke hannu, ta buɗe takardar, ta shaƙi ƙamshin, ta yi bismilla ta ɗauki yanka ɗaya. Ta gatsa da na gaba, ta tura shi ciki gefen hagu. Ina kallon muƙamuƙinta yana tafiya gefe da gefe, sumul, ba tuntuɓe, ba ciwo, yadda Madam ta ce ya kamata. Ta mayar da naman dama. Ta sake dawo da shi hagu. Haƙoran sama na sauka suna neman abokan niƙansu, babu kowa a wurin sai dasashi. Ta daɗe tana juya shi. Daga nan ta kau da kai, ta sa hannu ta fito da shi yadda ya shiga, sai dai ya yi fari, ta ajiye a gefen takardar ta rufe da yatsa.

Ta ce, "Ya yi daɗi, Yayan Luba. Yaji ya ji, gishiri ya ji. Allah shi yi ma albarka."

Ta turo mini sauran ta ce in ci kada ya huce.